Tarihin Gwara Haske da Haske a Novosibirsk

Tun a shekarar 1934, sa'ad da malamai biyu a Amurka, Gregory Breit da John Wheeler, suka tabbatar ta hanyar hisabi cewa idan ƙwayoyin haske biyu suka yi karo da isasshen ƙarfi za su iya rikiɗa su zama ilektiron da kishiyarsa fositiron, ma'abota ilimin fiziks suka karɓi hujjar ba jayayya, amma suka bar ta a takarda, domin a wancan zamani babu fitilar da haskenta zai kai ga haka.

Inda mas'alar ta zama sana'a kuwa shi ne Akademgorodok, unguwar malamai da aka gina cikin daji kusa da Novosibirsk a Saibiriya, mazaunin cibiyar binciken nukiliya da Gersh Budker ya assasa a 1958. A can ne, wajen 1970, a na'urar VEPP-2, aka shaida ilektiron da fositiron suna gifta juna, hasken da ke tattare da kowannensu ya haɗu da na ɗan'uwansa, aka sami sababbin tagwayen ilektiron da fositiron. Bayan haka, a 1981, malamai huɗu, Ginzburg da Kotkin da Serbo da Telnov, suka zo da dabarar da har yau ita ce madogara, wato a harba hasken leza a kan ilektiron mai tsananin gudu, hasken ya dawo ɗauke da galibin ƙarfinsa, sannan a gwara shi da irinsa.

Fa'idar wannan wahala ta ƙara bayyana bayan an gano ƙwayar Higgs a cibiyar bincike ta CERN a 2012, ƙwayar da ba ta da juyi a zatinta, alhali wasu nazariyyoyi suna da'awar tana da 'yan'uwa, cikinsu har da masu ɗauke da cajin lantarki. Haske, a ganina, shi ne shaida adali a wannan shari'a, saboda ba ruwansa da komai sai caji, ta yadda adadin tagwayen irin waɗannan ƙwayoyi da zai haifar, a matakin farko na hisabi, ya rataya ne ga cajinsu da nauyinsu kaɗai, kowace mazhaba mai lissafin yake bi.

Abin takaici, ko da yake an sanya wannan dabara cikin tsarin na'urar TESLA da aka zana a Hambug a 2001, ba a gina ta ba, kuma har yanzu babu ƙasar da ta gina irinta.