Shari'ar Mubarak Bala

Ran 28 ga Afrilu, 1441 bisa Hijira, watau 2020, 'yan sanda suka kama wani injiniya, Mubarak Bala, a Kaduna, suka tafi da shi Kano. A lokacin shi ne shugaban ƙungiyar waɗanda ba su bin kowane addini a Nijeriya. Tun 2014 ya bayyana ya bar Musulunci, har danginsa suka kai shi asibitin taɓin hankali, gama a ganinsu mai hankali ba ya faɗin haka.

Irinsa suna cewa gaskiya da amana da tausayi ba sai da tsoron wuta ba, hankali da zaman tare sun isa su koya wa mutum kirki. Malamai kuwa suna ganin amanar da ba tsoron Allah, gini ce ba harsashi. Gardama ce mai nauyi, amma ba ita aka kai gaban alƙali ba. Rubutunsa na Facebook, wanda aka ce ɓatanci ne ga Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, a kansa aka tuhume shi, ya kuwa amsa.

A 2022 Babbar Kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta mai da su 5, aka sake shi.