Gangar Noma da Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam: Darasi daga Ƙasar Karaye da Rogo



Mai nazarin tarihin ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Kano, yakan fi karkata ga sarauta da yaƙe-yaƙe. Amma dawa da geron da suka riƙe masarautun nan da garma da fartanya aka noma su, kuma a ranar babban aiki akan noma su ne da kiɗa. Abin da nake so in nuna a yau shi ne, gangar noma kayan aiki ce, daidai da garmar da ke hannun manomi.

Mu tuna yadda ake gayya. Mai gona ya gayyaci samarin ƙauye, mata su dama fura, makaɗa su biyo bayan manoma kunya bayan kunya. Kowane gwarzo yana da takensa. Da yake Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar muryar ganga sukan kwaikwayi magana, har manomi ya ji an ambace shi ba tare da an buɗe baki ba. Da ya ji, sai ya yi kirari, ya duƙa, sauran su bi shi, garemani suna sauka tare kamar hannu ɗaya.

Me ya sa kiɗa yake da wannan iko a kan jiki? Tun a 1896 wani masani Bajamushe, Karl Bücher, ya rubuta littafi a kan dangantakar aiki da kiɗa, amma bayanin abin da ke faruwa a cikin kai bai samu ba sai da aka ƙera na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A 2007 Jessica Grahn da Matthew Brett suka nuna cewa idan mutum yana sauraron kiɗa mai daidaitaccen bugu, sassan ƙwaƙwalwarsa masu tsara motsin gaɓoɓi sukan kama aiki, ko da yana kwance bai motsa ba. Wato ƙwaƙwalwa takan kintaci lokacin bugu na gaba, ta shirya jiki tun kafin ya iso. A 2011 kuma Valorie Salimpoor da Robert Zatorre, a Kanada, suka gano cewa kiɗan da mutum yake ƙauna yana sa ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin dofamin mai kawo nishaɗi, tun ma yana jiran gaɓar da ta fi motsa shi. Ashe zumuɗin manomi mai dakon takensa yana da tushe a halittarsa. Likitoci ma yanzu suna amfani da daidaitaccen bugu wajen gyara tafiyar masu ciwon karkarwa na Fakinsan.

To, yau ina gangar take? Tarakta da maganin feshi da aikin ƙodago sun rage gayya, makaɗin da ba a gayyata kuwa ɗansa ba zai gaji sana'ar ba. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 ya adana sunayen kayan kiɗan Hausa, amma taken manoman kowane ƙauye yana cikin ƙirjin tsofaffi ne. Saboda haka ina kira ga ɗalibanmu da jami'an al'adu na ƙananan hukumomin Karaye da Rogo da su je su naɗi waɗannan take, su rubuta sunayen masu su da ma'anarsu, tun masu kaɗa su suna raye.