Dogon da ya tsaya a bakin iyaka

Duk malamin da ya koyar da Hausa da Faransanci a ƙasar nan ya taɓa cin karo da wani abin mamaki. Mu da Faransa ta mulka, lakwal muke tura ƴaƴanmu, kamyo ke ɗaukar kayanmu. Amma wurin shiga mota tasha muke ce masa, mai aikin ƙarfi lebura, gidan ciniki kanti. Waɗannan kalmomi daga Ingilishi suka fito, kuma ta kudu suka shigo mana, ta hanyar da gujiyar kakanninmu ta bi ta fita. Hanyar nan ita ce layin dogo na Nijeriya. Bai taɓa ƙetare iyaka ba a zamanin Turawa, duk da haka ya juya fuskar Damagaram da Maraɗi daga arewa zuwa kudu.

An soma shimfiɗa shi daga Legas a ƙarshen ƙarni na 19, ya isa Badun a 1901. Faɗin da aka zaɓa tsakanin ƙarfe da ƙarfe milimita 1,067 ne, domin siririn dogo ya fi araha kuma ya fi sauƙin lanƙwasawa. A arewa, Turawan Ingila ba su jira layin Legas ya iso ba. Gwamna Percy Girouard, injiniya ɗan Kanada wanda ya riga ya shimfiɗa dogo a hamadar Sudan, ya fara nasa a 1907 daga Baro, wata mashigar jiragen ruwa a bakin kogin Kwara. Tsawonsa kimanin kilomita 570 ne, ya ratsa Minna da Zariya, ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu ƙarƙashin hukuma ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa su zama ƙasa guda. A Jabba kuwa, a jirgin fito ake ƙetarar da taragai har aka gama gada a 1916.

Ba da son rai talakawa suka yi wannan aiki ba. Ta hannun sarakuna da hakimai ake tattaro su, kowace gunduma da adadin mutanen da aka ɗora mata, su bar gonakinsu su je sarar daji da cikon ƙasa. Daga nan kalmar diga ta zauna a bakin Bahaushe, har Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda ya ga aikin da idonsa a ƙasarsa, ya tsara waƙar da aka sani da Waƙar Diga.

Auduga Turawa suka sa rai za su kwasa daga ƙasar Kano don masaƙun Ingila. Manoma suka yi nasu lissafi. Masaƙan gida suna sayen auduga da daraja, gyaɗa kuwa, wadda da yawanmu a nan muke kira gujiya, tana son jigawa, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinta. Tun daga kakar 1912 gyaɗa ta cika tashar Kano har ta rasa wurin ajiya. Daga wannan ciniki manyan attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka bunƙasa.

Sauran rassan ma kowanne da abin da aka aike shi ɗaukowa. Ƙaramin layi mai faɗin milimita 762 ya tashi daga Zariya zuwa Jos domin kuza, ya yi aiki har 1957. Da aka gano kwal a ƙasar Inugu a 1909, sai aka gina tashar ruwa ta Fatakwal, aka ja layi ya iso Inugu a 1916, ya bi ta Makurɗi da Kafancan ya sadu da na yamma a Kaduna a 1927. Gadar Binuwai a Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta. Reshen Zariya ya ratsa Gusau ya tsaya Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya tsaya Nguru a 1930. Na ƙarshe, wanda ya bi ta Bauci da Gwambe, ya isa Maiduguri a 1964, jimillar layukan ta kai kilomita 3,505. Mai karatu ya duba taswira: kamar reshe biyu ne na itace, saiwarsu a bakin teku, rassansu a inda ake noma ko haƙar ma'adini. Don fitar da kaya aka zana su.

Me wannan ya jawo mana? Kafin 1911, Damagaram zango ce babba a kan hanyar ayari daga Kano zuwa Turabulus ta Agadas da Gat. Fatu da kiraga da gashin jimina suna hawa arewa, tufafi da takarda suna gangarowa, tafiyar kuma ta watanni ce. Da jirgi ya fara kai kaya Legas cikin ƴan kwanaki, a shekarar da Italiya ta faɗa wa Turabulus da yaƙi, sai wannan tsohuwar hanya ta mutu murus. Raƙuman ba su zauna banza ba: suka koma jigilar gajeren zango, suna sauke buhunan gujiya a Kano da Nguru da Ƙauran Namoda. Faransawa sun ga yadda cinikin gabashin ƙasar ya rataya ga Kano, kuma wannan, tare da ƙarancin ruwa, yana cikin dalilan ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Maraɗi ita ma da cinikin gujiya ta tashi daga ƙaramin gari ta zama birnin alhazai.

Kan jirgin wancan zamani da tururi yake tafiya. Ana hura kwal, ruwa ya tafasa a cikin tukunya, tururin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Saboda haka kowace babbar tasha tana da tankin ruwa da rumbun kwal, kwal ɗin kuma daga Inugu ake jawo shi har arewa. A shekarun 1930 aka kawo samfurin Garratt daga Ingila, mai tukunya a tsakiya da inji gaba da baya, domin nauyinsa ya bazu a kan ƙafafu da yawa, siririn dogo ya iya ɗaukarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo wani jeri da aka raɗa wa kowanne sunan wani kogi. A 1955, shekarar da aka mai da Reluwe hukuma mai cin gashin kanta, injunan dizal suka fara shigowa. Ma'aikatan da ke kula da waɗannan injuna su ne ƙashin bayan yajin aikin gama-gari na 1945, ƙarƙashin jagorancin Michael Imoudu, wanda ya tsai da ƙasar fiye da kwana arba'in.

Dalar gyaɗa ta Kano, wadda ake sa hotonta a littattafai don alfahari, tana da wani labarin a bayanta. Bayan yaƙi, injuna da taragai sun yi ƙaranci, amfanin bana ya tarar da na bara bai tafi ba, sai aka yi ta jera buhuna suna jiran jirgi. Gujiyar Nijar tana cikin masu jira. Don haka, da kuma don kuɗin jigila su zauna a yankin faran, Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle, wato tsattsewa, a 1953. Kamyoyi su ɗauki gujiya daga Maraɗi su bi ta Doso da Gaya zuwa Paraku, inda dogon Dahome ya tsaya tun 1936, kilomita 438 daga Kutonu, sannan su komo da kayan kanti. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahome da Nijar don tafiyar da wannan layi. Muka zama masu rabo a jirgin ƙasar da ko taku ɗaya bai yi a ƙasarmu ba.

A 1964 Reluwe ta Nijeriya ta ɗauki fasinja fiye da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Bayan shekara goma, ko rabin haka ba ta kai ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse layin gabas, kuɗin man fetur ya tafi ga titunan kwalta, fari na 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka kashe babban abin dakonta. An ɗauko ƙwararru daga Indiya suka riƙe ta daga 1979 zuwa 1982, suna tafiya ta koma gidan jiya. Jirgin da aka yi don kaya iri ɗaya, ranar da kayan suka ƙare sai ya rasa abin yi.

Sabon zamani ya zo da faɗin milimita 1,435. An buɗe layin Abuja zuwa Kaduna a 2016, na Legas zuwa Badun a 2021. A watan Fabrairu na 2021 aka ƙaddamar da aikin Kano zuwa Maraɗi, kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A namu ɓangaren, kamfanin Bolloré ya shimfiɗa kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso, aka yi bikin buɗewa a Janairun 2016, amma rikicin kwangila ya hana shi isa Paraku, bai kuwa shiga jigilar yau da kullum ba. Faɗinsa milimita 1,000 ne irin na Faransawa. Ga faɗi uku ke nan a kewaye da mu, kuma taragon wannan ba ya hawa dogon wancan.

Tarihin nan ya bar mana tambaya guda, kuma tun kafin mu ji kukan jirgi a Maraɗi ya kamata mu amsa ta: me za mu loda? Albasar Galmi, da wake, da aya, da shanu, da fatar jar akuyar Maraɗi, duk suna da masu saye a kudu. In ɗanyensu za mu riƙa turawa, taragai su komo mana da takalmi da man girki, to mun maimaita cinikin 1912 da sabon inji. Kakanninmu sun kai gujiya tasha ba tare da an tambaye su inda dogo zai bi ba. Mu an ba mu lokacin gina majemi da matatsar mai da rumbun albasa a bakin tashar, kuma lokacin yana tafiya.