Daga harbi zuwa murhu

A ƙarshen shekarun 1970, ɗakunan wasannin bidiyo na Japan cike suke da samari masu harbin halittun sararin samaniya. Toru Iwatani na kamfanin Namco ya so jawo ƴan mata, sai ya gina wasansa bisa cin abinci. Haka Pac-Man ya fito a 1980. Sunan daga "paku-paku" ne, wato motsin bakin mai ci.

A 1982 BurgerTime ya juya al'amarin: mai wasa ya zama kuku, ƙwai na korarsa, yaji ne makaminsa. A 2006 kuwa, Cooking Mama ya tsayar da uwa a madafa, tana duban yadda ake yanka albasa bisa allon Nintendo DS. In girki ya lalace, idanunta su kama da wuta.