Rawa a kan ƙanƙara: Yadda ake auna gwanaye da dalilin da ya sa gardama ba ta ƙarewa

Ranar 14 ga watan Fabrairun 1984, wasu 'yan Birtaniya biyu, Jayne Torvill da Christopher Dean, sun shiga filin ƙanƙara a birnin Sarajevo suka durƙusa a kan gwiwoyinsu. Kiɗa ya tashi, amma sai da aka yi daƙiƙa 18 kafin su miƙe su fara zamiya.

Dabara ce suka yi. Doka ta ba su minti huɗu da rarar daƙiƙa goma, shi kuwa kiɗan Boléro na Maurice Ravel ya kai kusan minti 15, kuma duk yankan da aka yi masa bai sauko ƙasa da minti huɗu da daƙiƙa 28 ba. Da yake ba a fara ƙirga lokaci sai an fara zamiya, sai suka cinye rarar a durƙushe.

Da suka kammala, dukkan alƙalai tara suka ba su 6.0 a ɓangaren ƙayatarwa, wato makin ƙoli a tsarin wancan zamani. Kimanin mutum miliyan 24 ne suka kalli wasan ta talabijin a Birtaniya. Kafin su shahara, Torvill ma'aikaciyar kamfanin inshora ce a Nottingham, Dean kuma ɗan sanda.

Ga wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi, ko mai kai-komo a titin Sultana na Madina inda zafi kan haura digiri 40, ƙanƙara abar sanyaya ruwa da zoɓo ce. Sai a 2018 Najeriya ta fara zuwa gasar Olamfik ta hunturu, lokacin da Seun Adigun da abokanta suka shiga tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu, Saudiyya kuma sai a 2022, inda Fayik Abdi ya wakilce ta a zamiyar gangaren dutse. Har yau babu ƙasar Afirka da ta taɓa cin lamba a gasar. Duk da haka, bayan kowace shekara huɗu hotunan masu rawar kan cika wayoyin jama'a, kuma tambayar da ake yawan yi ita ce: ta yaya ake gane wanda ya yi nasara?

Tambayar tana kan hanya. A kokawa, wanda ya sha ƙasa ya sha kaye, kowa ya gani da idonsa. A nan kuwa mutane ne ke zama su auna kyawun motsi su mayar da shi lissafi.

Abin da ya bambanta ta da sauran

Wasan zamiyar ƙawa ya kasu gida huɗu: na maza, na mata, na namiji da mace masu tsalle da jifa, sai kuma rawa. A rukuni na uku ne ake ganin namiji ya ɗaga abokiyar wasansa sama da kansa ko ya wurga ta ta yi juyi a iska. A rawa an hana manyan tsalle da jifa, ɗagawa ma an yi mata iyaka, kuma ba a son su yi nisa da juna fiye da tsawon hannu biyu sai a wuraren da doka ta keɓe.

Da aka cire waɗannan, abin da ya rage shi ne aikin ƙafa, kuma a nan gizo ke saƙa. Ƙarfen da ke ƙasan takalmin kaurinsa kimanin milimita huɗu ne, an rarake tsakiyarsa ta yadda yake da kaifi biyu, na ciki da na waje. Gwani shi ne wanda zai kwanta a kan kaifi ɗaya ya zana lanƙwasa mai zurfi, yana ƙara gudu ba tare da an ga yana tunkuɗa ƙasa ba. Masu kallo a cikin zauren kan ce da kunne ma ana gane gwani, domin ƙarfensa ba ya yawan kankarar ƙasa.

Akwai kuma juyin da ake kira tuwizil, inda kowannensu ke jujjuyawa a kan ƙafa ɗaya alhali yana ci gaba da tafiya, su biyun a jere kuma a lokaci guda. Wannan ne wurin da ko baƙon kallo zai iya gane kuskure, kuma a nan ne manyan gwanaye da dama suka yi asarar lambobi.

An shigar da rawar cikin gasar duniya a 1952 a Paris, inda Jean Westwood da Lawrence Demmy na Birtaniya suka zama zakaru. A Olamfik kuwa sai a 1976 a Innsbruck aka fara ba ta lamba, Lyudmila Pakhomova da Aleksandr Gorshkov na Tarayyar Sobiyet suka ɗauki zinare. Daga nan zuwa 2006 an yi gasar sau tara, 'yan Sobiyet da magadansu na Rasha suka lashe bakwai.

Yadda ake bayar da maki

A yau ana yin gasar a zagaye biyu. Na farko shi ne rawar kari, mai tsawon minti biyu da daƙiƙa 50, wadda ƙungiyar zamiyar ƙanƙara ta duniya, ISU, ke zaɓa mata salon kiɗa a kowace kaka. Na biyu shi ne rawar zaɓin kai, mai minti huɗu, inda 'yan wasa ke zuwa da kiɗansu da labarinsu.

Tsohon tsarin 6.0 ya rushe ne bayan abin kunyar da ya faru a Salt Lake City a 2002. A rukunin masu tsalle da jifa, wata alƙaliya 'yar Faransa ta ce an matsa mata lamba ta fifita 'yan Rasha a kan 'yan Kanada. Zargin da ya biyo baya shi ne cewa ban-gishiri-in-ba-ka-manda aka ƙulla, domin a saka wa Faransa a ɓangaren rawa. An dakatar da alƙaliyar da shugaban hukumar wasan ta ƙasarta na shekara uku, aka ba 'yan Kanada zinare na biyu. Marina Anissina da Gwendal Peizerat na Faransa, waɗanda suka ci rawar, sun riƙe lambarsu.

A sabon tsarin da ISU ta amince da shi a 2004, aikin ya rabu biyu. Wani kwamitin ƙwararru na mutum uku ne ke duba kowane motsi, har da maimaita hoton bidiyo, ya yanke matakin wahalarsa har zuwa mataki na huɗu. Alƙalai tara kuma su auna yadda aka aiwatar da shi, su ƙara ko su rage har zuwa daraja biyar. Sannan su bayar da maki, goma ne ƙoli, a kan tsarin rawar, da yadda aka gabatar da ita, da ƙwarewar zamiya. A kowane gurbi ana jefar da maki mafi yawa da mafi ƙaranci a ɗauki matsakaicin sauran. Idan mutum ɗaya ya faɗi a cire maki ɗaya, idan su biyu ne a cire biyu.

Tsarin ya fi na da bayyana abin da aka yi, amma bai kawar da son rai ba. A matakin ƙoli kusan kowa na samun mataki na uku ko na huɗu, saboda haka bambancin kan koma hannun alƙalan nan tara, waɗanda hukumomin ƙasashensu ne ke gabatar da su.

Virtue da Moir, da abokan hamayyarsu

Idan ana maganar wanda ya fi kowa, sunan da ya fi fitowa shi ne na Tessa Virtue da Scott Moir na Kanada. Wata 'yar'uwar mahaifiyar Moir ce, mai koyar da wasan, ta haɗa su a 1997, tana da shekara bakwai yana da tara. Sun yi shekara 22 tare. A Vancouver a 2010 suka zama na farko daga Arewacin Amurka da suka ci zinaren rawa, kuma mafiya ƙarancin shekaru. Sun yi ritaya da lambobin Olamfik biyar, uku na zinare biyu na azurfa, idan aka haɗa da gasar ƙungiya.

Masu kallo da yawa kan ɗauka duk masu rawa tare ma'aurata ne. Virtue da Moir ba su taɓa auren juna ba, Maia da Alex Shibutani na Amurka da suka ci tagulla a 2018 kuwa wa da ƙanwa ne.

Abokan hamayyarsu na farko su ne Meryl Davis da Charlie White na Amurka, masu gudu da ƙarfi da tuwizil mai tsafta. Abin mamakin shi ne a fili ɗaya suke atisaye a garin Canton na jihar Michigan, a hannun mai horarwa ɗaya, Marina Zoueva. Daga 2010 zuwa 2013 sun riƙa karɓa-karɓar kambun duniya a tsakaninsu, kafin Davis da White su doke su a Sochi a 2014.

Karawar da ta fi raba kan masoya wasan ita ce ta 2018 a Pyeongchang, tsakanin Virtue da Moir da kuma Gabriella Papadakis da Guillaume Cizeron na Faransa. Salo biyu ne suka haɗu. 'Yan Kanada suna tahowa da zafi da wasan kwaikwayo, da ɗagawa mai tsinka zuciya, a kan kiɗan fim ɗin Moulin Rouge. 'Yan Faransa kuwa suna malala kamar ruwa, gwiwa a sake, har mai kallo ya kasa gane inda motsi ɗaya ya ƙare wani ya fara.

A zagayen farko maɗaurin rigar Papadakis ya kwance tun a daƙiƙun farko, ta ƙarasa rawar tana fama da shi, aka bar su a baya da maki 1.74. Washegari su suka yi nasara a rawar zaɓin kai, amma giɓin bai cike ba. Virtue da Moir suka tashi da 206.07, 'yan Faransa da 205.28. Har yau magoya bayan Faransa na cewa maɗauri ne ya ci su.

A ganina kowane ɓangare na da hujja, sai dai abin da kowa ke aunawa ne daban. Idan zallar aikin ƙarfe a kan ƙanƙara ake nufi, da wuya a samu wanda ya kamo Cizeron. Idan kuwa daɗewa a sama ake dubawa, da iya sauya salo, da rashin rawar jiki a ranar da ta fi kowace rana, Virtue da Moir ne a gaba, domin sun ci zinare a 2010, sun tafi hutun shekara biyu bayan Sochi, sun dawo sun sake ci. Papadakis da Cizeron sun fanshe a Beijing a 2022 da maki 226.98, kuma sun riƙe kambun duniya sau biyar.

Makaranta ɗaya, tutoci da yawa

Akwai wani abu da ke ɗaure wa baƙon wasan kai. A 2018 masu zinare da masu azurfa duk ɗaliban makaranta ɗaya ne a Montreal, wadda Marie-France Dubreuil da mijinta Patrice Lauzon da Romain Haguenauer ke jagoranta. A Beijing kusan rabin waɗanda suka fafata daga can suka fito, har akan ga mai horarwa yana sauya rigar ƙasa daga wannan tawaga zuwa waccan. Makarantar ta ɗaga darajar wasan, amma masu suka na cewa raye-rayen sun fara kama da juna.

Wani ƙorafin da ya daɗe shi ne na bin layi. A sauran rukunoni matashi na iya zuwa da tsalle mai wahala ya kayar da manya a rana ɗaya. A rawa kuwa suna yana da nauyi, kuma sau da yawa sai na gaba sun yi ritaya na baya ke matsowa.

Madison Chock da Evan Bates na Amurka misali ne na wannan jira. Sun haɗu a 2011. A 2018 suka faɗi tare a tsakiyar juyi suka ƙare a na tara, a Beijing suka zo na huɗu. Bayan tafiyar Papadakis da Cizeron, da kuma dakatar da 'yan Rasha daga gasannin ISU a 2022 saboda yaƙin Yukiren, sai suka ci kambun duniya sau uku a jere, daga 2023 zuwa 2025, suka kuma yi aure a 2024. Ƙarfinsu yana ga ɗagawa da ƙirƙirar labari da sutura, ko da yake a zurfin kaifi ba su kai 'yan Faransa ba.

A bayansu akwai Piper Gilles da Paul Poirier na Kanada, waɗanda ba 'yan makarantar Montreal ba ne, kuma suka fi kowa zaɓen kiɗan da ba a saba ji ba. Gilles ta dawo fili bayan tiyatar cutar daji, suka ci azurfar duniya a 2024 da 2025. Charlène Guignard da Marco Fabbri na Italiya sun riƙe kambun Turai daga 2023 zuwa 2025, yayin da Lilah Fear da Lewis Gibson suka samo wa Birtaniya tagulla a 2025, lambarta ta farko a gasar duniya tun zamanin Torvill da Dean.

Kowa ya ɗauka layi ya zo kan Chock da Bates a Olamfik ta Milan a 2026. Sai ga Cizeron ya dawo da sabuwar abokiyar rawa, Laurence Fournier Beaudry, haifaffiyar Montreal wadda ta taɓa wakiltar Denmark da Kanada kafin ta samu takardar zama 'yar Faransa. Ba su cika shekara guda da sanar da haɗuwarsu ba suka ɗauki zinare, Chock da Bates suka samu azurfa, Gilles da Poirier tagulla.

Tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai maki biyu ba. Magoya bayan Amurka sun yi ta nuni da makin da alƙaliyar Faransa ta bayar a rawar zaɓin kai, wanda ya fifita 'yan ƙasarta da tazara mai faɗi, amma ISU ta kare alƙalanta, sakamakon kuma ya tsaya yadda yake. Cizeron ya zama mutum na farko da ya ci zinaren rawar Olamfik sau biyu a jere da abokan rawa daban-daban.