Tambaya guda, siga uku: tarihin aikatau «have» a kwalejojin Madawa, Buza da Keita

1. Gabatarwa

Malamin Ingilishi a kwalejojin Madawa, Buza da Keita yakan tarar da tambaya guda cikin siga uku a takardun ɗalibai: «Have you a book?», «Have you got a book?» da «Do you have a book?». Dukansu ma'anarsu ɗaya: «Kana da littafi?». Sau da yawa mai gyara yakan karɓi wadda ya saba da ita, ya soke sauran da jan biro, ɗalibi ya yi asarar maki. A wannan maƙala za mu bi asalin kowace siga, domin mu nuna cewa babu wadda ke kuskure.

2. Asalin sigogin

A Ingilishin da, ana yin tambaya ne ta hanyar sa aikatau gaban mai aikatawa, kamar yadda Faransanci ke cewa «As-tu un livre ?». A ƙarni na 16 kalmar taimako «do» ta yaɗu cikin tambayoyi. Binciken Alvar Ellegård na 1953 ya nuna cewa kafin 1700 ta mamaye yawancin aikatau. Amma «have» mai nuna mallaka ya riƙe tsohon tsari a Ingila. Siga ta farko ke nan, kuma an fi jinta a arewacin Ingila, Sikotilan da Ayalan.

Siga ta biyu ta fito daga aikatau «get», wato samu: abin da mutum ya samu, yana da shi. Ita ce ta maganar yau da kullum a Ingila. Ta uku kuwa a Amurka ta yi ƙarfi, inda aka bi da «have» kamar sauran aikatau. Daga tsakiyar ƙarni na 20 ta bazu a Ingila ita ma.

3. Yadda suka iso yankinmu

Muna ganin hanyoyi uku. Ta farko, tsarin makarantar da muka gada daga Faransa ya ɗauki Ingilishin Ingila a matsayin abin koyi, kuma ɗalibin da ya san «As-tu» ba ya shan wahalar «Have you». Ta biyu, ƴan sa-kai na Amurka, Peace Corps, sun fara aiki a Nijar a 1962 da koyar da Ingilishi, suka zauna har 2011. Ta bakinsu ɗalibai da malamai da dama suka saba da «Do you have». Ta uku, gundumar Madawa tana iyaka da jihar Sakkwato, kuma ƴan ci-rani na Adar suna komowa da Ingilishin Najeriya, wanda makarantun Ingila suka kafa tushensa.

Hausa ba ta zaɓa wa ɗalibi ko ɗaya, domin ba ta da aikatau daidai da «have»: da «da» take aiki, tambaya kuma da karin murya ko «shin», ba tare da sauya jerin kalmomi ba.

4. Kammalawa

Ba'adare yana cewa «shina da kuɗɗi», Bakano yana cewa «yana da kuɗi». Bernard Caron ya bayyana Adaranci a littafinsa na 1991 a matsayin kari mai ƙa'idojinsa, kuma haka ya kamata mu dubi sigogin nan. Shawararmu ita ce a fara koyar da «Do you have», tun da tana bin ƙa'idar da ɗalibi ya riga ya koya, sannan a karɓi sauran biyun wajen gyaran jarrabawa. Abin da za a soke shi ne cakuɗa su, kamar amsa «Have you got» da «Yes, I got».