Daga Sakaina Zuwa Ledar Fiya Wata: Yadda Renon Iri Cikin Hunturu Ya Samo Asali A Ƙasar Katagum



Duk wanda ya zagaya bayan gidaje a Gamawa ko Azare cikin watan Disamba, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura: ledojin fiya wata a jere a gindin katanga an cika su da ƙasa, ga gwangwanin madara, ga jarkar da aka yanke wa kai, kowanne da ɗan tsiron tumatir ko zogale ko mangwaro. Yaran yanzu suna ɗauka wannan dabara jiya aka zo da ita. Mazubin ne kawai sabo. Shuka cikin sanyi kuwa ta girmi kakannin kakanninmu.

Mu fara da dalilin da ya sa ake yinta a hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu dare yana da sanyi, iska a bushe take, cututtukan da ke ruɓar da ganye da damina suna ja da baya. Alkama ba ta yin kirki a ƙasarmu sai a wannan tsakanin, shi ya sa ake so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, ta fitar da kai kafin zafin bazara ya sauko. Tumatir ma haka, idan zafi ya yi yawa furensa zubewa yake yi. Ga shi kuma an gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, hannu ya samu sarari. Magidanci yana da zaɓi biyu: ya ɗauki jaka ya tafi cin rani, ko ya sauka fadama.

Ƙasar Katagum kuwa Allah ya hore mata fadama. Kogin Jama'are yana gangarowa daga tsaunukan Jos, ya ratsa ta Jama'are da Itas Gadau da Zaki, ya je ya haɗu da Kogin Haɗeja kafin Gashuwa. Idan ya yi ambaliya da damina ya janye, yana barin laka mai taki da ruwa kusa da doron ƙasa. Tsohon garin Katagum da Malam Zaki ya kafa a farkon ƙarni na 19 a bakin wannan kogi yake, kafin a mayar da fadar masarauta Azare a zamanin Turawa. Baturen nan Clapperton ya iso Katagum a watan Janairun 1824, tsakiyar hunturu, tare da abokin tafiyarsa Dakta Oudney, wanda ya mutu a hanya kusa da garin bayan sun tashi daga can. Wajen shekara talatin bayan haka, Heinrich Barth ya ga ana noman alkama da albasa da ban ruwa a bakin Kogin Yobe, wanda ruwan namu ne yake ƙarasawa can. Wato lambu ya riga mulkin mallaka zama a wannan kwari.

Kayan aikin ɗan lambu na wancan zamani jigo ne: doguwar sanda a kan gwafa, guga a kai ɗaya, curin laka a ɗayan. Yana ja yana zubawa, ruwa yana bin ƙaramar hanya zuwa fangali. Wanda ya taɓa ganin ana wannan aiki ya san kowace guga da gumi ake samunta, kuma mutum ɗaya ba ya iya shayar da fili mai yawa. A nan hikimar reno ta fito. Maimakon ka watsa iri a faɗin lambu ka yi ta shayar da ƙasar da ba komai a cikinta, sai ka tara shi a ɗan wuri guda, ka rufe da ciyawa, ka riƙa yayyafa ruwa da hannu. Tumatir ya yi kamar mako huɗu, albasa mako shida zuwa takwas, sannan a cire a yi dashe.

Wannan na maza ne a fadama. A cikin gida, inda tarihi bai cika leƙawa ba, mata suna nasu. Tukunyar da ta tsage, randar da gindinta ya fita, tsohon kasko, sakaina, ba a zubar da su haka nan. A cika da ƙasa da kashin awaki da 'yar toka, a ajiye kusa da wurin wanke-wanke inda ruwa ke ɗiga, a kewaye da ƙaya saboda kaji. Barkono, lalo, kabewa, ɗoɗɗoya, da yawa a irin wannan mazubi suka fara rayuwa. A ganina nan ne ainihin tushen abin, domin ba wani malamin gona da ya koya wa iyayenmu mata.

Da Turawa suka zo da kananzir, sai garwa ta shigo. Ta zama abin ɗibar ruwan 'yan ga-ruwa, idan ta huje kuma ta koma abin shuka. Gwangwanin madara da na tumatir suka biyo baya. A wannan zamanin ne aka shigo da darbejiya, wadda wasu ke kira maina. Asalinta daga yankin Indiya ne, an fara dasa ta a Barno wajen 1928, ma'aikatan gandun daji suka yi ta yaɗa ta. Inuwar da muke sha yau a bakin kasuwa da ƙofar fada, mafi yawanta wani ne ya rene ta tun tana 'yar tsiro.

Sai fari ya zo. Na 1973 ya kashe dabbobi ya watsa ƙauyuka, na 1983 da 1984 ya ƙara. Gwamnati ta farga cewa damina kaɗai ba za ta ciyar da Arewa ba. An kammala madatsar Tiga a 1974, an kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Bauchi. A farkon shekarun 1980 shirin bunƙasa noma na jiha, BSADP, ya soma aiki da tallafin Bankin Duniya, ya kawo ƙananan injinan ban ruwa masu shan fetur da gajerun rijiyoyin burtsatse a fadama. Cikin 'yan shekaru jigo ya zama labari. A 1987 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, mutane suka ruga noman rani, har da waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba. Da aka ɗage hanin, da yawa suka watse, amma inji ya zauna. Shirin Fadama na tarayya ya ɗora daga farkon shekarun 1990.

Inji ya faɗaɗa lambu, amma ya zo da nasa nauyin: fetur, gyara, taki, magani. Wanda ba shi da fili a fadama, ko yake zaune a jigawa nesa da kogi kamar yawancin ƙauyukan Gamawa, bai samu komai a wannan rabo ba. Ita ma maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are an fi shekara arba'in ana yinta ba a gama ba. Masu so suna hangen ban ruwa, mutanen ƙasa da mu a Yobe suna tsoron ambaliyar da ke raya fadamarsu za ta yanke.

Ana cikin haka fiya wata ta bayyana a shekarun 1990. Ledarta ta cika lunguna, ta toshe magudanai, awaki da shanu suna haɗiya suna ramewa, mahauta sun sha ciro ta daga tumbi. Amma masu renon itatuwa suka lura girmanta ya yi daidai da baƙar ledar da ake saya da kuɗi. A yanke bakin, a huda gindin wuri biyu ko uku, a cika da turɓaya haɗe da ruɓaɓɓen taki. Ruwan kofi ɗaya ya ishe ta. Idan iskar hunturu ta tsananta a matsar da ita jikin katanga, idan rana ta yi ƙarfi a kai ta inuwa. Ranar dashe a tsaga ledar, a sa curin ƙasar a rami yadda yake, saiwa ba ta girgiza ba. Itacen da aka shuka cikin sanyi yakan kai girman dashe daidai lokacin da damina ta zauna a Yuli.

A Amurka ma akwai masu shuka cikin jarkar madara su ajiye a waje cikin ƙanƙara, don wasu irin nasu ba sa tsira sai sanyi ya dake su. Namu akasin haka ne. Barkono da attarugu sanyi yana jinkirta musu tsira, shi ya sa ake lulluɓe su da ciyawa ko tsohon buhu da dare. Ƙwallon kuka da na bagaruwa kuwa ɓawonsu ne mai tauri, sai an jiƙa da ruwan zafi ko an ɗan kankare. Irin darbejiya ba ya jure ajiya, idan ya daɗe ba zai fito ba. Abu ɗaya da ke ba ni tsoro shi ne yadda wasu ke ɗaukar robar maganin feshi su zuba ƙasa su shuka abin miya, ko su ba yara su ɗebo ruwa da ita. Wannan robar ba ta wankuwa.

Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa a 2007, Najeriya ta kafa masa hukuma a 2015, Bauchi tana cikin jihohi 11 da ya shafa, kuma mu a arewacin jiha mu ne a bakin gaba. Dashen gwamnati yakan iso a mota, a dasa ranar biki, a ɗauki hoto, awaki su ƙarasa sauran. Wanda tsohuwa ta rena a gwangwani ta dasa a ƙofar ɗakinta kuwa, ita ce ke zuba masa ruwan alwala safe da yamma, jikanta ya kewaye shi da ƙayar magarya har ya fi ƙarfin akuya.